Yadda za ki rage tarin kaya ki koma ɗinki mai sauƙi ba tare da ya gundure ki ba

Shekarata goma sha ɗaya ina ɗinkin mata, kuma in aka cire "Anti yaushe zan zo in karɓa" maganar da na fi ji a bakin kwastomomi ita ce "wallahi Anti bani da kayan sawa". Mace zata faɗa miki haka alhali sif ɗinta ko rufuwa baya yi, ga akwatunan lefe a jere a sama, ga gana-masgo a ƙarƙashin gado shaƙe da ankon bikin ƙawaye. Da ina ɗauka son sabon abu ne kawai, sai da abin ya faru a kaina sannan na san da gaske suke. Wata safiya zan je suna na zazzage kaya sun fi kala ashirin a kan gado, duk wanda na ɗaga sai inji ya fita a raina, lokaci na ta tafiya ƙarshe dai na zura wata tsohuwar doguwar riga ta shadda ruwan toka wadda ko aikin wuya babu a jikinta, na ɗaura ɗankwalinta na fita. A hanya nake ta tambayar kaina, ya akai rigar nan shekara huɗu ina sawa bata taɓa isata ba, amma leshin da na ɗinka da ƙaramar sallah sawa biyu har ya gundure ni?

Abin da na gano shi ne kayan nan ba kaɗan suka yi mana ba, ginsar mu suka yi. Kin san yadda nama mai kitse yake, loma uku sai kiji ya hau miki kai, to haka ido yake da kaya masu hayaniya. Leshi ga duwatsu, an ƙara masa fulawa a kafaɗa, hannu ya kumbura, an zuba tattara a ƙasa, ranar farko kowa ya yaba, rana ta biyu an haddace shi, ta uku ke da kanki kin san an san shi sai kiji kunyar maimaitawa. Shi kuwa ɗinki mara hayaniya ba a haddace shi, abin da mutane ke tunawa kawai kin yi kyau rannan.

Turawa suna ce wa wannan salon minimalizim, wato taƙaita kaya da taƙaita ado a jikin kayan. A 1985 wata mai zanen kaya a New York, Donna Karan, ta fito da kaya guda bakwai kacal waɗanda mace zata dinga cuɗanya su tana fita aiki da unguwa, Jil Sander kuma Bajamushiya ce da tai suna a kan yanka mai tsafta ba tarkace. Steve Jobs na kamfanin Apple shekaru ya yi yana sa baƙar riga mai dogon wuya iri ɗaya ta mai zanen kaya Issey Miyake ɗan Japan. Amma mu ba baƙon abu bane a wajenmu, Malam Aminu Kano har ya rasu a 1983 da farar riga mai sauƙi da jar hula aka san shi, kuma ki tuna kakarki da zaninta da rigarta 'yar buba da gyale, ai ba wanda ya taɓa ganin ta yi ƙasa a taro.

Sai dai in faɗa miki gaskiya tun yanzu, shi ma sauƙin yana da tasa gundurar. Mata da yawa sun fara, sati uku suka ji kamar kullum yunifom suke sawa suka koma kasuwa suka kwaso abin da ya fi na da. Shi yasa zan bi da ke daki-daki har zuwa wannan gaɓar, dan nan ne ake faɗuwa.

Mataki na farko: fito da komai

Ki samu ranar da ba ki da unguwa, kar ya zama ana saura kwana biyu biki dan zuciya bata yanke hukunci daidai a lokacin. Ki shimfiɗa tabarma ki fito da komai, na sif, na akwati, na ƙarƙashin gado, har wanda yake wajen tela wata uku ba ki karɓo ba ki rubuta shi. Sai ki kasa su kashi huɗu. Kashi ɗaya wanda hannunki ke kaiwa kullum ba tare da tunani ba. Na biyu wanda kina so amma akwai abin da ya hana ki sawa, zif ya mutu, ko ya matse a hammata, ko ba ki da mayafin da ya shiga da shi. Na uku anko da kayan yayin da ya wuce. Na huɗu turamen da ba a ɗinka ba.

Yawanci mutane a kan kashi na uku suke tsayawa suna jimamin kuɗinsu, ni kuwa na farkon nake so ki zauna a gabansa da biro da takarda dan shi ne zai faɗa miki wacece ke. Ki ɗaga kowanne ki duba, wane launi ne, wane irin yadi ne, doguwar riga ce ko riga da siket ko riga da zani, hannun ya kai wuyan hannu ko ya tsaya a gwiwar hannu, wuyan zagaye ne ko mai tsaga. Zaki sha mamaki, kala bakwai ko takwas ɗin nan kusan duk kamar 'yan gida ɗaya suke. Ni da na yi nawa sai naga duk doguwar riga ce mai ɗan buɗewa daga ƙugu, hannu uku bisa huɗu, kuma duk auduga ce, babu fitet ko ɗaya a ciki duk da cewa rabin sif ɗina fitet ne. Abin da kika rubuta a takardar nan shi ne sitayil ɗinki na gaskiya, ki adana ta zamu kai wa tela.

Mataki na biyu: kwana arba'in

Kar ki bayar da komai tukuna. Masu zafin farawa sukan rabar da kaya rana ɗaya sai daga baya su zo suna da na sani. Ki ware abin da zaki yi kwana arba'in da shi, sauran ki ninke ki rufe a akwati ki ɗora can sama inda sai kin taka kujera.

Wata Ba'amurkiya Courtney Carver ta fara wani tsari a 2010 na yin wata uku da abu 33 kacal har da takalmi da jaka da sarƙa, banda kayan barci da na ciki. Mu lissafinmu da kala muke yi dan atamfa ɗaya riga ce da zani da ɗankwali, to abin da nake ba kwastomomina shawara kala 12 zuwa 15 na fita, mayafi huɗu ko biyar, hijabai uku, abaya ɗaya ko biyu, takalmi uku, jaka biyu. Kayan aikin gida dana barci basa ciki. In ke ma'aikaciya ce ko 'yar makaranta mai fita kullum ki kai kala 18, in kuma mai shayarwa ce ki ƙara dan wanki ya fi yawa, ba dole sai lissafina ba, abin da ake so dai ki san adadin kuma ki tsaya a kansa.

Mataki na uku: launi

Ki zaɓi launi uku masu sanyi su zama ginshiƙi, kamar ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan madara, baƙi, shuɗi mai duhu, ko ruwan hanta, sannan ki ƙara guda biyu masu ɗan haske da kike so a ranki, ko ruwan goro ko kore ko ruwan hoda. Kar ki zaɓa a waya dan hoto na ƙarya, kuma kar ki yarda da hasken fitilar shago. In kin je Kantin Kwari ki ce wa mai shagon "Alhaji bari in ɗan gani a haske", ki fito da shi bakin ƙofa ki kara a fuskarki, wanda ya karɓe ki zaki ga fuskar ta washe, wanda bai karɓe ki ba zaki ga kamar kin kwana ba barci.

Amfanin wannan a wajen mayafi zaki fi gani. Dalilin da yasa mace ke tara mayafi talatin shi ne kowace atamfa da tata fitinar, wannan sai ruwan lemo waccan sai ruwan bula. In kika sa wa kanki doka cewa duk atamfar da zan saya launinta kar ya wuce uku kuma dole ɗaya daga ciki ya zama cikin ginshiƙaina, mayafi biyar sun ishe ki shekara.

Mataki na huɗu: yadi, kuma nan zan daɗe

Ɗinki mai hayaniya yana rufa wa yadi mara kyau asiri, duwatsu da tattara su ɗauke ido. Ɗinki mai sauƙi baya rufa wa kowa asiri, yadin ne zai tsaya shi kaɗai a gaban mutane, shi yasa kuɗin da kika saba rabawa gida huɗu ki sayi ƙananan abubuwa yanzu ki haɗa shi ki sayi abu ɗaya ko biyu na kirki. Araha bata ado, ba wai ina nufin lallai sai atamfar Vlisco ta Holand ko shaddar Getzner ta Ostiriya ba, ba kowa ke da wannan halin ba, akwai atamfa da yadi na auduga masu matsakaicin kuɗi da zasu yi miki shekaru. Abin gudu shi ne roba zalla.

Ga yadda nake gwadawa. Ki damƙe gefen yadin a hannunki ki ƙirga biyar ki saki, auduga zata ɗan yamutse sannan zaki ji sanyinta a tafin hannu, roba kuwa zata koma sumul kamar ba a taɓa ba kuma tana da wani santsi da ƙyalli na daban. Ki ɗaga shi a haske, in kina hango yatsunki tar to shara-shara ne sai da lainin, wato yadin da ake sawa ta ciki, kuma lainin zafi yake ƙarawa. In atamfa ce ki juya bayanta, mai kyau ciki da waje kusan ɗaya suke, wadda bayan ya yi fari-fari a sama kawai aka buga zanen kuma ita ke saurin koɗewa. In kin samu ɗan ƙyalle ki zaro zare biyu ki kara a ashana a gida a hankali, auduga zata ci wuta ta zama toka mai laushi da ƙauri kamar na takarda, roba zata narke ta dunƙule ta yi tauri. Duk wadda ta taɓa zama a rumfar biki a watan Afrilu cikin matiriyal ɗin roba ta san abin da nake faɗa, kuma sau da yawa kayan da muke cewa sun gundure mu zafinsu ne ya sa jiki ya tsane su ba mu sani ba.

Tunda an rage ado, to bambancin zai koma jikin yadin kansa. Ki sa a kayanki akwai mai tauri kamar shadda, akwai mai zubowa a jiki kamar yadin abaya, akwai mai ɗan kauri na hunturu, in da hali akwai saƙi ko da na ɗauri ko na yafawa ne. Launi ɗaya a yadi biyu daban ba iri ɗaya yake fita ba, ruwan toka a shadda da ruwan toka a lilin kamar kaya biyu ne da basu san juna ba. Sannan kar ki manta da marina, ta Ƙofar Mata a Kano da ake cewa tun 1498 take har yanzu ana rini da baba a karofi, farin yadin auduga in kika kai aka rina miki shuɗi zaki samu abin da babu irinsa a shago. Ki sani dai baba auduga yake kamawa baya kama roba, kuma wankin farko-farko yana zuba, ki wanke shi shi kaɗai kar ki haɗa da fararen kaya.

Kafin ki kai wa tela ki jiƙa atamfar ko yadin audugar ki shanya a inuwa ki goge, dan wasu suna tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke kafin almakashi ya hau ta.

Mataki na biyar: zama da tela

A matsayina na mai ɗinki zan faɗa miki sirrinmu. Ɗinki mara ado ya fi mai ado wuya. In kafaɗa ta karkace a riga mai fulawa ba wanda zai gani, amma a riga sumul daga nesa ake hangowa. Sannan da yawanmu kuɗin ɗinki da yawan sitayil muke yankewa, to in kika ce "mai sauƙi" sai tela ya ɗauka ƙaramin aiki ne ya miƙa wa yaron shago, ko kuma dan yana so ya burge ki ya ƙara miki abin da ba ki ce ba. Dan haka ki faɗa a fili, "Malam ba wai kuɗi nake gudu ba, zan biya kamar na mai sitayil, amma bana son a ƙara komai, yankan nake so ya zauna." Kuma ki biya ɗin da gaske.

Ki tafi da rigar nan da kika fi so daga kashi na farko a matsayin samfur, ya fi hoton waya sau goma dan hoton jikin wata ne. A sake auna ki a ranar kar a yi amfani da awon bara, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, hif, zagayen dantse, tsawon hannu, tsawon riga, kuma ki sa takalmin da kika fi sawa lokacin da ake auna tsawo. Ki ce a bar miki sarari kamar inci biyu zuwa uku a ƙirji da hif in doguwar riga ce, sannan a bar inci ɗaya na yadi a cikin ɗinkin gefe kar a yanke, saboda jiki na canzawa, ciki ne, haihuwa ce, azumi ne, rigar da ake son ta shekara biyar dole a bar mata wajen buɗawa.

Turmin atamfa yadi shida ne, faɗinta kuma bai kai inci 50 ba, to in ke doguwa ce faɗin ba zai kai miki har ƙasa ba sai an yi haɗi ko a yanka ta tsawo. Ki tambayi telan a ina zai sa haɗin kuma ki ce zanen ya haɗu da ɗan uwansa, dan ba abin da ke kashe ɗinki mai sauƙi kamar fulawar atamfa ta rabu biyu a tsakiyar gaba, rabi sama rabi ƙasa. In ba ki cika ɗinkin da tattara ba yadi uku da rabi zuwa huɗu ya ishi doguwar riga, ga ɗankwali wadatacce, har ki rage na rigar yarinya.

Dokar da nake bi ita ce abu ɗaya a riga ɗaya. In hannun ne ke da ɗan salo, wuya da jiki su yi shiru. In aiki ne a wuya, ya zama da zare kalar yadin kuma siriri. In atamfar ce mai manyan zane to ita ce adon, kar a ɗora mata komai. Kuma dan Allah ki ce a sa miki aljihu a gefe, rigar da ke da aljihu hannu ya fi kai mata.

Ranar karɓa kar ki tura yaro, ki je da kanki ki sa a wajen. Ki ɗaga hannu sama kiga ko rigar gaba ɗaya ta biyo ki, in ta biyo to ramin hannun bai yi ba. Ki zauna a kujera, ki sunkuya kamar zaki ɗauki yaro. Ki juya cikinta ki duba an yi wibin, wato ɗinkin da ke hana bakin yadi zarewa, zaren kalar yadin ne, zif ɗin ya kwanta bai yi tudu ba, kalmasar ƙasa ta tafi daidai gaba da baya. Guda ɗaya zaki fara bayarwa ba biyar ba, in ta zauna sai ta zama samfurin sauran.

Mataki na shida: ranar da gundura ta zo

Zata zo, yawanci sati na uku ko na huɗu. Zaki buɗe sif kiji wai ni kullum abu ɗaya, sai kiga kin ɗauki waya kina bin status ɗin masu saida kaya a WhatsApp da Instagram, ga sabon leshi ya shigo, ga "saura biyu Hajiya". Abin da za ki fara yi ki rufe status ɗin masu kayan nan na kwana arba'in ɗin, ba gaba kike da su ba, ido ne in yana ganin sabo kullum dole na gida ya tsufa a wajensa. In wani abu ya shiga ranki sosai ki ajiye hotonsa ki ba shi kwana goma sha huɗu, in bayan nan har yanzu kina sonsa kuma ya shiga da launukanki kuma zaki iya lissafa waje biyar da zaki sa shi, to ya cancanta. Mafi yawa kafin sati biyun kin manta da su.

Sai ki koma kan abin da ke hannunki. Ɗauri kaɗai ya isa ya canza mutum, yau ture-ka-ga-tsiya gobe ki naɗe shi ƙarami a baya jibi ki yafa mayafi kawai, ki zauna gaban madubi wata yamma ki koyi ɗauri biyu sababbi. Ki raba auren kayan, ba dole rigar atamfa sai da zaninta ba, zanin atamfa da riga mara zane ta yadi yana kyau ƙwarai, ɗankwalin wannan a kan doguwar riga baƙa shi ma haka, kuma tunda launukan 'yan gida ɗaya ne zasu shiga da juna. Kala goma sha biyu in ana haka sai su ba ki fita talatin. Ga ɗankunne da awarwaro, ga lalle a hannu, ga sauyin turare da humra, duk waɗannan a kan kaya marasa hayaniya suka fi fitowa, a kan leshi mai duwatsu ɓacewa suke.

In duk da haka wata riga ta ƙi shiga rai, a taɓa ta kafin a sayi wata. A canza maɓallai, a rage hannu, a sa siririn fayifin, wato zirin yadi da ake bin bakin wuya da shi, in fara ce ta fara dafewa kuma auduga ce a kai marina ta dawo sabuwa. Kashi na biyun nan da muka ware, masu mataccen zif da matsewa, yanzu ne lokacinsu, ki ɗauko biyu ki kai gyara, zaki ji daɗin sabon kaya ba ki sayi komai ba.

Akwai kuma abin da nake so ki duba a ranki tsakaninki da Allah. Na lura da kwastomomina, wasu ba kayan ne suka gundure su ba, zaman ne. Maigida ya fita tun safe, yara na makaranta, gida shiru, sayen kaya da jiran ɗinki shi ne abin da ake ɗoki. Na san wannan zaman, ba abin raini bane kuma ba abin kunya ba. Amma sabon leshi kwana biyu yake maganinsa ya dawo. In kin ji alamar haka ne, kuɗin leshin ki sa shi a abin da zai cinye lokacin, islamiyya, koyon sana'a, ziyarar 'yan uwa, ko ma koyon ɗinkin kansa. Wata baiwar Allah da ke kawo min ɗinki kusan duk sati biyu yanzu ita ke ɗinka wa 'ya'yanta, kuma ta ce min rabon da ta ji bata da kayan sawa har ta manta.

Anko da sallah

Anko shi ne babban mai cika sif. Ba zan ce ki daina ba dan zumunci ne, amma ki ware na wa ya zama dole, 'yan uwa na jini da aminai na ƙut, sauran ki je da kayanki masu kyau ki kai gudummawarki ki yi addu'a. Wanda kika yi kuma ki ɗinka shi a samfurin ki na kullum ba sitayil ɗin da sai a dina kaɗai ake sawa ba, ranar bikin ki ƙawata shi da ɗauri da sarƙa, bayan wata biyu ya shiga cikin kayan fita. Ki lissafa da kanki, misali leshin dubu 60 da aka sa sau biyu kowace sawa ta ci dubu 30, atamfar dubu 20 da aka sa sau arba'in kowace sawa naira 500.

Da sallah kala ɗaya ko biyu na kirki sun isa, kuma ki fara duba turamen lefen nan kafin ki je kasuwa. Ki dinga fito da su kina shan iska da su kina canza ninkin, dan yadi in ya daɗe a ninki ɗaya yana yin layi a karin da ba ya fita. Ki kai ɗinki tun kafin azumi ya shiga, ɗinkin goman ƙarshe ba ya samun natsuwar da yanka mai sauƙi ke buƙata.

Maigida ma in yana so haka ne, shadda ko yadi yadi biyar a yi kaftani da wando, fari, ruwan toka, ruwan madara, shuɗi, aiki siriri kalar yadin, bambancin sai ya koma kan hula, yau kube gobe zanna.

Kula da su

Kaya kaɗan wanki ya fi yawa a kansu, to sai an lallaɓa. Ki juya su ciki waje kafin wanki da shanya, a inuwa ba cikin tsakiyar rana ba, kar a bar atamfa ta kwana a ruwan omo, masu duhu daban farare daban. Shadda ba a murɗe ta da ƙarfi, in ƙyallinta ya fara kwantawa a sa mata sitati a kai wa masu bugu ta dawo. Guga ta baya. Kuma ba duk sawa ce ke buƙatar wanki ba, in awa biyu kika yi a unguwa ki rataye ta sha iska.

Bayan kwana arba'in

Ki sauko da akwatin nan ki buɗe. Kafin ki ɗaga murfin ki gwada lissafa abin da ke ciki da ka, wanda kika tuna kuma kika yi kewarsa ya dawo sif, ki cire ɗaya daga na sif ɗin da ba ki taɓa ba a kwanakin ya maye gurbinsa. Wanda sai da kika gani kika ce "au ashe ina da wannan" to ba naki bane kuma. Masu tsada da ba a sa sosai ba ki ba dillaliya ta saida miki ki haɗa kuɗin yadi mai kyau, masu zani wadatacce a yanka wa yara, sauran ki bayar kwance amma ki wanke ki goge ki gyara zif ɗin kafin ki miƙa, ki ba mutum abin da zai iya sawa ya fita a ranar. Ki bar kala biyu na manyan taro a akwatin ki sa musu ɗan turaren wuta, sai ki ɗauko takardar nan ta mataki na farko ki ƙara abin da kwana arba'in ɗin suka koya miki, wane launi ne kika fi kaiwa hannu, wane mayafi ne bai fita ko sau ɗaya ba, da ita zaki je Kwari in lokacin sayayya ya yi.